Rabaran Dokta Byang Kato (1936–1975): Bawan Allah da Ya Ga Ƙarancin Jinin Ikkilisiya

A shekarar 1973 shugabannin ikkilisiyoyin bishara daga ƙasashe dabam dabam na Afirka suka yi babban taronsu a garin Limuru, kusa da Nairobi a ƙasar Kenya. Zamani ne na murna. Majami'u suna cika, ana buɗe sababbi a birni da ƙauye, 'yan ƙasa kuma suna ta karɓar ragamar aiki daga hannun mishan. A wurin wannan taro ne wani fasto daga ƙasar Jaba, wanda bai cika shekara 37 da haihuwa ba, ya gabatar da jawabin da har yau ake tunawa da shi. Ya ce cutar da ke damun ikkilisiyar Afirka ita ce ƙarancin jini a fannin tauhidi. Kowa ya san mai ƙarancin jini: a ido ka gan shi da jiki, amma ƙarfi babu, kowace cuta ta zo sai ta kayar da shi. Jinin da faston yake nufi shi ne koyarwar Littafi Mai Tsarki mai zurfi, wadda ta ratsa zuciyar mai wa'azi da ta mai sauraro.

Sunan wannan fasto Byang Henry Kato. Kafin a tashi daga taron aka zaɓe shi Babban Magatakarda na Ƙungiyar Masu Bishara ta Afirka da Madagaska, wadda aka sani da AEAM, ya zama ɗan Afirka na farko da ya riƙe wannan muƙami. Bai kai shekara uku a kan aikin ba Ubangiji ya kira shi gida. A wannan fitowa mun ga ya dace mu kawo wa iyalai tarihinsa, domin abin da ya hango a wancan lokaci ya iso har ƙofar gidajenmu.

Haihuwarsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Byang ran 23 ga Yuni, 1936, a Sabzuro cikin garin Kwoi, wanda a yau yake Jihar Kaduna. Iyayensa 'yan al'ummar Ham ne, waɗanda Hausawa ke kira Jaba, suna kuma bin addinin gargajiya. Tun yana jariri mahaifinsa ya keɓe shi domin ya zama matsafi in ya girma. Da ya kai wajen shekara goma aka haɗa shi da tsararrakinsa aka kai su daji, aka shigar da su cikin asirin kabila kamar yadda al'ada ta tanada ga 'ya'ya maza. Saboda haka duk abin da ya rubuta daga baya game da addinin gargajiya, a cikinsa ya tashi. Ya san tsoron da ke kama gida in an ce wani maye ne, ya san hadayun da ake yi wa iskoki, ya kuma san cewa mutanensa suna da sunan Allah Maɗaukaki a harshensu, wato Nom.

A lokacin mishan ta SIM ta riga ta daɗe da kafa tasha a Kwoi. Ita ce mishan da Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka fara sa'ad da suka sauka Legas a 1893, biyu daga cikinsu kuma suka rasu cikin shekara guda. Wata ma'aikaciyar mishan ɗin mai suna Mary Haas takan fito dandalin gari tana ba da labarin Yesu, yara suna taruwa suna sauraro. Byang yana cikinsu. Daga nan ya shiga Makarantar Lahadi, ya kuma ƙwallafa rai ga shiga makarantar boko ta mishan. Mahaifinsa bai so ba, gama yaro namiji hannu ne a gona, balle wanda aka riga aka keɓe wa tsafi. Da ƙyar aka shawo kansa, bisa sharaɗin cewa aikin gona ba zai tsaya ba. Haka yaron ya riƙa haɗa fartanya da allo.

Tubarsa

Yana da shekara 12, wata rana malaminsu ya ba su labarin Nuhu da jirgi a cikin aji. Abin da ya kama zuciyar Byang shi ne cewa hanyar tsira ɗaya ce Allah ya tanada, wanda ya ƙi shiga jirgi kuwa ruwa ya cinye shi. A gaban 'yan ajinsu ya karɓi Yesu Almasihu ya zama Mai Cetonsa. Aka yi masa baftisma a 1948, ya ɗauki suna Henry. Mahaifinsa ya husata ƙwarai. Ya yi masa dūka, ya hana shi abinci, ya ƙwace masa riga. Yaron bai ja da baya ba, bai kuma daina yi wa iyayensa biyayya a sauran al'amura ba. Daga baya iyayen nan da kansu suka ba da gaskiya.

Ya kamata mai karatu ya riƙe labarin jirgin Nuhu, gama a kansa dukan tauhidin Kato ya tsaya. Mutumin da ya sha dūka saboda ya gaskata cewa hanya ɗaya ce, da wuya a rinjaye shi daga baya da cewa kowace hanya tana kaiwa.

A 1953 aka yi babbar falkaswa a ikkilisiyar Kwoi. Byang, wanda a lokacin ya ɗan yi sanyi cikin bangaskiya kamar yadda yakan faru da samari, ya fito gaba da hawaye ya furta zunubansa a gaban jama'a. Mutane suna kawo baiko, shi kuwa sai ya tuɓe rigarsa ya ajiye tare da sauran kyautai, alamar ya ba da kansa ɗungum. Rigar da aka taɓa ƙwace masa da ƙarfi saboda Almasihu, yanzu da hannunsa ya miƙa irinta. Daga wannan rana ya san aikin Ubangiji ne kiransa.

Neman Ilimi da Aikin Ikkilisiya

A 1955 ya shiga Kwalejin Littafi Mai Tsarki ta Igbaja, a ƙasar Yarabawa, cikin Jihar Kwara ta yanzu. Ya gama a 1957, shekarar da ya yi aure. Allah ya albarkace su da 'ya'ya uku, mace ɗaya da maza biyu. Ya koyar a makarantun Littafi Mai Tsarki na yankinsu, ya kuma yi aiki a Legas da mujallar African Challenge, inda yake amsa wasiƙun masu karatu da ke neman shawara. Wannan aiki ya buɗe masa ido ga irin tambayoyin da ke damun matasan Afirka masu ilimin zamani, ya kuma koya masa ƙarfin alƙalami.

Bai sami zarafin shiga sakandare kamar 'ya'yan masu hali ba. Ta hanyar wasiƙa ya yi karatu, da dare bayan aiki, ga iyali ga ƙaramin albashi, har ya ci jarrabawar da ta ba shi damar shiga jami'a. A 1963 ya tafi Kwalejin Littafi Mai Tsarki ta Landan, ya komo da digirin tauhidi na Jami'ar Landan. Bayan ya ɗan koyar a Igbaja, aka zaɓe shi Babban Magatakarda na ECWA a 1967, ya koma Jos. Shekarar nan ce yaƙin basasa ya ɓarke. Ikkilisiyar tana da 'ya'ya a kowane ɓangare na fagen fama, zukata kuma sun yi zafi bayan kashe-kashen 1966. A cikin wannan hali ya riƙe ofishin har 1970, yana ɗan shekara talatin da 'yan kai.

Da yaƙi ya ƙare ya tafi Makarantar Tauhidi ta Dallas a Amurka. Ya sami digiri na biyu a 1971, na dokta kuma a 1974. Abin lura shi ne, ko da yake yana can ƙetaren teku, batun gida ya bincika. A digirinsa na biyu ya duba iyakar abin da mutum zai iya sani game da Allah ta wurin halitta kaɗai, ya ɗauki addinin Jaba ya zama misalinsa. A na dokta ya nazarci wata koyarwa da ya ga tana tsirowa a jami'o'in Afirka.

Abin da Ya Hango

Domin mu gane damuwarsa, sai mu tuna da yanayin Afirka a farkon shekarun 1970. Yawancin ƙasashe ba su daɗe da samun 'yancin kai ba. Turawan mulki da waɗansu 'yan mishan sun daɗe suna raina duk abin da yake na baƙar fata, daga ganga har suna, saboda haka masu ilimi suka tashi da ƙishin maido da martabar al'adunsu. Wannan ƙishi yana da dalili. Amma a waɗansu wurare ya zama takobi a kan masu bi. A Zayar, Shugaba Mobutu ya hana amfani da sunayen baftisma a 1972. A Chadi, Shugaba Tombalbaye ya tilasta wa mutanen kudu, har da fastoci da dattawan ikkilisiya, shiga al'adar tsafi da ake kira yondo. An rufe majami'u, an kori 'yan mishan, an kuma kashe masu bi da suka ƙi. Ga mutumin da shi kansa ya bi ta irin wannan daji yana yaro, wannan labari ya taɓa shi a jiki.

A jami'o'i kuwa, manyan masana irin su John Mbiti na Kenya da Bolaji Idowu na Jami'ar Ibadan suna rubuce-rubuce domin nuna cewa kakanninmu sun san Allah tun kafin zuwan mishan. Kato bai musa cewa sun san akwai Allah ba. Jaba sun san Nom, manzo Bulus ma ya tabbatar a Romawa sura 1 cewa Allah bai ɓoye kansa ga kowace al'umma ba. Inda ya ja layi shi ne a kan ceto. A ganinsa, sanin cewa akwai Mahalicci yana sa mutum ya rasa hujja a gaban Allah, amma ba ya wanke zunubi. Ya ji tsoron cewa irin waɗannan rubuce-rubuce za su buɗe ƙofa ga abubuwa biyu. Na fari shi ne koyarwar cewa a ƙarshe kowa zai tsira, ko ya gaskata da Almasihu ko bai gaskata ba. Na biyu shi ne cakuɗa bishara da tsafi har a kasa rarrabe su. Ya tsaya a kan abin da Ayyukan Manzanni 4:12 ke koyarwa, cewa ceto cikin suna ɗaya yake. Wannan ne jigon littafinsa mai suna Theological Pitfalls in Africa, wato ramukan da ke kan hanyar tauhidi a Afirka, wanda aka buga a Kenya a 1975, Billy Graham kuma ya rubuta masa gabatarwa.

Waɗansu sun ɗauka shi maƙiyin al'ada ne. Wanda ya karanta jawabinsa na babban taron bishara na duniya da aka yi a Lozan ta ƙasar Suwizalan a watan Yuli 1974, inda fiye da mutum 2,000 daga ƙasashe kusan 150 suka hallara, zai ga ba haka ba ne. A can ya goyi bayan a sa wa bishara tufafin gida: a yi sujada da harshen mutane, da waƙoƙinsu da kayan kiɗansu, a kuma amsa tambayoyin da su suke yi. Sharaɗinsa ɗaya ne, Maganar Allah ce za ta auna al'ada. Abin da ya yi daidai da ita a riƙe shi da murna, abin da ya saɓa mata a bar shi ko da daga kaka da kakanni aka gāda. Yana so mai bi na Afirka ya zama cikakken ɗan Afirka, amma Almasihu ne zai zo da fari.

Haka kuma, lokacin da John Gatu na Kenya ya kawo shawara a 1971 cewa a dakatar da karɓar 'yan mishan da kuɗi daga waje na ɗan lokaci, shawarar da Majalisar Ikkilisiyoyin Afirka ta runguma a taronta na Lusaka a 1974, Kato ya yarda cewa dole ikkilisiya ta tsaya da ƙafarta, amma bai yarda a rufe ƙofa ba alhali akwai miliyoyin da ba su ji bishara ba.

Maganin da Ya Kawo

Nuna cuta abu ne mai sauƙi, kowa ma yana iyawa. Abin da ya bambanta Kato shi ne ya zo da magani, ya kuma fara haɗa shi da hannunsa. Ya faɗa wa 'yan'uwansa masu bishara gaskiya mai ɗaci, cewa laifin ba na masana jami'a kaɗai ba ne. Mishan da ikkilisiyoyin bishara sun daɗe suna ɗari-ɗari da zurfin ilimi, suna ganin wa'azi kawai ya isa. Sakamakon haka, sa'ad da tambayoyi masu wuya suka taso, ba su da mutanen da za su amsa.

Shirin da ya shimfiɗa yana da sassa bayyanannu. Ya nemi a kafa manyan makarantun tauhidi a cikin Afirka, ɗaya domin ƙasashe masu Faransanci, ɗaya domin masu Ingilishi, yadda ba sai kowa ya ƙetare teku ba. Ya nemi a kafa hukumar da za ta riƙa auna ingancin makarantun Littafi Mai Tsarki, domin takardar shaidar da suke bayarwa ta zama da nauyi. Ya nemi 'yan Afirka su riƙa rubuta littattafai da mujallun tauhidi da kansu. Ya yi ta zagaya ƙasashe yana wannan kira. A waɗannan 'yan shekaru kuma aka naɗa shi mataimakin shugaban Zumuntar Masu Bishara ta Duniya, da shugaban hukumarta ta tauhidi.

Bai ga ko ɗaya daga cikin makarantun da idonsa ba. Hukumar auna makarantu, wato ACTEA, ta fara aiki a 1976. Makarantar Bangui a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ta buɗe a 1977. Ta Nairobi ta buɗe a 1983, a yau kuma tana cikin jami'ar da ake kira Africa International University. A gida, Makarantar Tauhidi ta ECWA da ke Jos ta fara a 1980, ɗakin karatunta yana ɗauke da sunansa. Wani ya shuka, waɗansu suka yi ban ruwa, Allah ya sa ya yi girma.

Rasuwarsa

A ƙarshen 1975 Majalisar Ikkilisiyoyin Duniya ta yi babban taronta na biyar a Nairobi, daga 23 ga Nuwamba zuwa 10 ga Disamba. Kato ya halarta a matsayin ɗan kallo. Bayan taron ya ɗauki iyalinsa suka tafi bakin teku kusa da Mombasa domin su huta. Ran 19 ga Disamba, 1975, ruwa ya ci shi. Yana da shekara 39. Aka kawo gawarsa gida Kwoi aka binne. Bayan 'yan shekaru wani ɗan Nijeriya, Dokta Tokunboh Adeyemo, ya gāji kujerarsa a AEAM, ƙungiyar da yanzu ake kira AEA, ya kuma ci gaba da aikin fiye da shekara 20.

Masu Sukarsa

Ba mu kawo tarihin nan domin mu mai da shi mala'ika ba. Masana da yawa sun ga cewa ya tsananta wa Mbiti da Idowu fiye da kima, ya kuma ɗora musu abin da ba su faɗa kai tsaye ba. Kwame Bediako na Gana, a littafinsa Theology and Identity na 1992, ya yi ƙorafin cewa Kato ya dubi gadon Afirka da idon malamansa na Amurka, bai ba da isasshen wuri ga yadda Allah ya shirya zukatan kakanninmu domin karɓar bishara ba. Akwai abin dubawa a wannan suka. Masu kare shi kuwa suna tuna mana cewa littafin nan shi ne na farko da ya rubuta, yana saurayi, a tsakiyar zafin muhawara, mutuwa kuma ba ta ba shi zarafin faɗaɗa tunaninsa ba. Duk da wannan saɓani, da wuya ka sami wanda ya musa cewa shi ne ya farkar da ikkilisiyoyin bishara na Afirka ga muhimmancin zurfin ilimi.

Abin da Rayuwarsa Ke Faɗa Mana

A 1900 Kiristocin Afirka ba su kai miliyan 10 ba. A yau sun haura miliyan 600. Jikin ya ƙara girma fiye da yadda Kato ya gani. Tambayar ita ce ko jinin ya ƙaru daidai da jikin.

Cutar ta sāke kama. A zamaninsa ta fi fitowa daga ɗakunan karatu na jami'a da fādodin shugabanni. Yanzu ta talabijin da wayar hannu take shigowa, har cikin ɗakin kwana. Akwai wa'azin da ke auna bangaskiyar mutum da motarsa, ya mai da baiko ciniki tsakanin mutum da Allah. Akwai masu sayar da mai da ruwa da ƙyalle, suna cewa a cikinsu kariya take. Akwai masu annabcin da aikinsu shi ne nuna wa mutum maƙiyinsa a cikin dangi, har ya daina gaishe da gwaggonsa, ya daina zuwa ƙauyensu. An yi gidajen da aka zargi tsohuwa ko maraya da maita da sunan addu'a, aka wulakanta su. Littafi Mai Tsarki bai hana yi wa mara lafiya addu'a ba, Yaƙub 5:14 ma ya umarci dattawa su shafa masa mai da sunan Ubangiji. Amma in zuciya ta bar dogara ga Ubangiji ta koma ga kwalbar, to, laya ce aka sāke wa suna. In mai wa'azi ya zama wanda ake biya ya duba abin da ke ɓoye, to, aikin boka yake yi ko da yana riƙe da Littafi. Wannan ita ce cakuɗawar da Kato ya yi kashedi a kanta. Yaron da aka keɓe wa tsafi ya fito daga gidan tsoro da tsada mai yawa. Abin baƙin ciki ne jikokin irinsa su koma cikinsa ta ƙofar majami'a.

Ba zagin waɗansu ne zai warkar da mu ba, gama mutane suna zuwa waɗannan wurare ne da ciwo na gaske: rashin lafiya, rashin aiki, rashin haihuwa, tsoron dare. In ba su sami amsa daga Maganar Allah a wurinmu ba, za su nema a wani wuri. Maganin da Kato ya rubuta shi ne har yanzu, yana kuma farawa daga gida.

Iyaye, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Labarin Nuhu da wani malami ya bayar a aji shi ne ya riƙe Byang har ƙarshen ransa. Kada mu raina sujadar iyali ta safe ko ta yamma, kada mu bar wa Makarantar Lahadi dukan nauyin. Mu karanta Littafi tare da yara sura bayan sura, mu bar su su yi tambaya. In an turo mana wa'azi a waya, mu koya musu halin mutanen Biriya da aka yaba a Ayyukan Manzanni 17:11, waɗanda suka riƙa bincika Nassi kowace rana su ga ko abin da aka faɗa musu haka yake.

Dattawa da 'yan majalisa, mu dubi kasafin kuɗinmu. Nawa muka sa a gini da na'urar ƙara murya, nawa muka sa a karatun fasto da littattafansa? Makarantun Littafi Mai Tsarki na Hausa, waɗanda suke horar da masu aikin ƙauyuka, su ne gaba-gaba a wannan yaƙi, sau da yawa kuwa su ake mantawa da su. Fasto da ba shi da abin karantawa sai ya kwaikwayi abin da ya gani a talabijin, garke kuma abin da makiyayi ya ci shi yake sha.

Matasa masu ilimi, Byang ya yi jarrabawarsa ta hanyar wasiƙa, a lokacin da ba intanet ba kwamfuta. Ikkilisiya tana bukatar waɗanda za su ba da ƙwaƙwalwarsu ga Almasihu, su yi karatu mai zurfi, su rubuta da Hausa da harsunan iyayensu. Kada iyali su ga cewa ɗan da ya fi hazaƙa asara ne in ya shiga aikin Ubangiji.

Shekara 39 kaɗai aka ba Byang Kato, ya kuwa yi amfani da su. Ubangiji ya ba mu alherin riƙe bangaskiyar da aka danƙa mana, mu miƙa ta ga 'ya'yanmu ba tare da gauraye ba. Amin.